Baba Yana Jiran Amsar Ciyawar Fadama

Zuwa ga Shugaban masu binciken tsirrai na Jihar Arewa.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni majemi ne a Kebbe, kuka na kawo maka, da tambaya.

Na ɗaya. Daminar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, ma'aikatanka suka iso daga Tambuwal neman ciyawar nan ta fadama mai jan kara gaɓa-gaɓa. Mahaifina ya kai su har cikin laka, don da ruwanta yake wanke tsohon gyambon ƙafarsa. Da za su tafi suka ce ya dakata da ita sai sun aiko da sakamako. Baba kuwa mutum ne mai riƙon magana kamar ƙaya ta riƙe riga. Ga damina ta sake zagayowa, shiru kake ji.

Na biyu. A gabana suka jiƙa ganyen, suka ɗiga masa wani ruwa, nan take ya koma baƙi wuluk kamar tawada. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Haka ruwan bagaruwa yake yi mana in ya haɗu da tsatsar ƙarfe. Shin abin da ke cikin bagaruwa ne ke cikin ciyawar? Tafintan da suka zo da shi ya ce a cikin ciyawar akwai sinadarin da ke hana abu saurin lalacewa. To, wanda ke hana fata ruɓewa a majema, shi ne ke kame bakin gyambo? A ganye ya fi yawa ko a saiwa? Ina son sani, ko da ba zan ci da shi ba.

Na uku. Gyambon nan da kwabo ke rufewa, yau ya kai tafin hannu. Baba ya daina zuwa masallaci. Na tafasa ciyawar na kai masa, ya ture ƙwaryar, wai ya yi wa baƙi alkawari. Ban iya da shi, kuma raina a ɓace yake.

Roƙona, ranka shi daɗe: in guba ce, a faɗa mu haƙura. In magani ce, a faɗa. In ma ba a gano kome ba, a aiko a ce an sauke masa alkawarin. Ku kuka ɗaure shi, ku kaɗai zai yarda ku kwance shi.

Allah shi ƙara maka basira, shi raba ka da ciwon da ba a san maganinsa ba.

Wassalam.

Ɗan'ige Majemi, Kebbe.