Irin Turba a Jikin Bangon Yamma

Litinin, 5 ga Nuwamba, 1951

An damƙa mini makullin sabon siton hatsi na garin Isa. Ginin ƙasa, rufin kwano, ƙofa ɗaya tak ta gabas. Baturen yankinmu ya ce tun da yunwar bara ta sa mutane suka cinye irinsu, bana kowane gari zai kawo nasa ajiya, a mayar masa ranar ruwan shuka. Wai siton na buhu ɗari shida ne. Shekara huɗu na yi ina jera gyaɗa a Gusau, na san abin da ɗaki ke iya ci.

Asabar, 17 ga Nuwamba

Mutanen Turba ne suka fara isowa da jakunansu, Kawu Bawa wan mahaifiyata a gaba. Buhu arba'in na irin gero, kowanne an ɗinke bakinsa da zaren shuni. Bai ji daɗin sussuke iri ba. Ya ce, "Iri a zangarniya aka aje shi, Attahiru, ba cikin buhu ba. Amma tunda kai ad da makulli, to."

Na sa kafinta ya buga mini gadajen katako, don kada buhu ya taɓa ƙasa gara ta hau shi. Na Turba na fara ɗorawa, can jikin bangon yamma.

Laraba, 12 ga Disamba

Na toshe lungunan da aka ce a bari tsakanin layuka. Gado jikin gado, buhu goma sha biyu a tsaye, ana gicciya su kamar tubali. Ko kyanwa ba ta samun wurin shiga.

Labbo, tsohon da ke shugabantar leburorina, ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu. Maginin rumbu ne kafin ƙarfinsa ya ja baya. Ya ce, "Malam, in an so na baya, ta ina mutum za ya bi?" Na ce masa sito ba kasuwa ba ne da za a bar hanyar yawo. Leburori suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Alhamis, 20 ga Maris, 1952

Motoci uku daga kudu da hatsin agaji, buhu ɗari uku. Duk sun shiga! Ɗari tara da arba'in ke nan a ɗakin ɗari shida, har bakin ƙofa. Bature ya ɗauki hoto, ya ce zai aika Sakkwato a ga yadda ake jeri. Ba za ni ɓoye wa takardata ba, na ji daɗi ƙwarai.

Labbo ya tauna ƙwaya ɗaya ta sabon hatsin ya tofar. "Wagga maiwa ta, Malam." Takardar mota ta ce gero. Ko ma mene ne, na ci ne, ba na shuka ba.

Talata, 10 ga Yuni

Ruwan shuka ya sauka. Alhamdu lillahi.

Laraba, 11 ga Yuni

Ban san ta inda za ni fara ba.

Da hantsi Kawu ya iso da mutanensa, jakuna caɓa-caɓa da laka. Suna son irinsu yau, ƙasa ba ta jiran kowa, kwana biyu ta bushe. Na buɗe ƙofa, sai na ga abin da na gina. Tsakanina da zaren shuni akwai buhu ɗari tara. Leburori takwas gare ni, duka da azumi a bakinsu, ga hadari na haɗuwa, tamfol ɗaya ke gare mu. Fitar da kayan aikin kwana biyu ne, in ba a jiƙa rabinsu ba.

Labbo ya ja ni gefe. "Mu fasa bango ta baya. Ƙasa ta, ba dutsi ba. Kahin azahar sun tahi da abinsu."

A fasa sabon siton da hotonsa ke Sakkwato? In Bature ya zo ya ga rami, in ce masa me? Na ce a'a.

Na sa aka fitar da arba'in na bakin ƙofa, daga cikin hatsin agaji. Kawu ya kwance ɗaya, ya zuba a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni ina zarensu. Na ce ɓera ya ɓata buhunan, na sake musu sababbi. Ya ce ƙwayar ta yi masa girma. Na ce nasu ne.

"In kai kac ce namu na, namu na."

Haka ya ce, ya ɗaure. Da azumi a bakina na yi wannan. Labbo ya tafi bayan sito ya zauna, bai taya lodi ba.

Juma'a, 13 ga Yuni

Takardar mota dai gero ta ce. Na sake dubawa.

Lahadi, 20 ga Yuli

An ce shukar Turba ta fi ta kowa kyau. Watakila Labbo bai san komai ba sai yaɓen rumbu.

Asabar, 23 ga Agusta

Geron Isa ya fid da kai, har yara na gasa tumu. Wani mai jaki daga Turba ya ce nasu sai tsawo yake yi. Maiwa ta fi gero daɗewa a gona, tana son ruwa har bayan namu ya ɗauke. Kowa ya san wannan. Ni ma na sani tun ran nan.

Matata Zulaihatu ta tambaye ni me ya sa na daina cin tuwo sosai. Na ce mata ciwon ciki.

Litinin, 22 ga Satumba

Kwana goma sha shida ba ruwa. Na ari doki na tafi Turba.

Kara ya fi mahayi tsawo, kore shar daga sama, ƙasa ta fara tsagewa. Na ratsa gona bakwai ban ga zangarniya ko ɗaya mai ido ba. Rumbuna a buɗe, an share su an yaɓe, suna jira. Mata na tafasa ganye.

Na iske Kawu a bakin gonarsa. Ya tambayi gida da yara. Sai ya nuna da sanda ya ce, "Tun da nike noma ba ta taɓa yin kyawu haka ba." Da ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan, da na samu sauƙi. Ya sa aka kawo mini ruwa da 'yar fura, ban san daga bakin wa aka ɗauko ta ba.

Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na ce wa Labbo ya kawo diga. Bai tambaye ni dalili ba. Ni na yi sarar farko a bangon yamma.

Na duba agogo ban san don me ba. Mun fara ƙarfe takwas, goma saura kwata hannuna yana kan zaren shuni. Duka arba'in lafiya lau a kan gadajensu, ba gara, ba ɓera, ba danshi. Ajiya ta yi kyau.

Awa biyu ba ta cika ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ni da kaina na kai su Turba. A gaban mutane na faɗi abin da na yi. Wasu samari suka taso, Kawu ya ɗaga hannu suka koma. Ya shafa ɗinkin buhu ɗaya da yatsa, ya ce matarsa ce ta yi shi. Na ce ga iri na baɗi.

"Baɗi ta yi nisa, ɗan ƙanwata. Wanga tuwo na yanzu."

Suka fara auna shi gida gida ina tsaye.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Sabon iri ya fara shigowa. Ramin baya na sa kafinta ya yi masa ƙyaure. Na rubuta wa Bature dalili, duka, amsa ba ta zo ba tukuna, ko me za ta ƙunsa.

Jerin bana daidai yake da na bara, ban canza tsarina ba. Sai dai Labbo ya saɓa buhu a kafaɗa ya bi tsakanin layuka daga ƙofar gabas har ta yamma, duk inda ya gogi kaya na sa a matsa. Ɗari shida kawai zai ci.

Gadajen jikin ƙofa na bar su ba komai a kansu. Turba ba su da abin kawowa bana.