Ƙwallon Dabinon Bakin Rijiya

Zuwa ga Baffa Hamadu a Maga,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Ya ƙafar taka, ya aikin shinkafa? Mu a Garuwa lafiya, sai gajiya.

Tun da Baba ya bar kamfanin auduga, ba shi da aiki sai gina ƙaramin samfurin ƙauyen nan da kuka yi sansani lokacin yaƙin Nasara. Da yumɓu da kara yake yin sa, ƙananan ɗakuna, rijiya, ramukan sojoji, har ya cinye zauren kaf. Baƙi ma a ƙofar gida muke tarbarsu, ni kuwa bayana ya gaji da ɗebo masa laka daga bakin kogin Binuwai.

Liman ya hana shi siffanta mutane, sai ya aje ƙwallayen dabino a madadinku, kowanne da sunansa da ya haddace a ka. Ranar Juma'a matata Hadiza ta ɗauka shara ce, ta share su. Bai yi faɗa ba. Ya tsince su, yana mayarwa yana kiran sunaye, har saura ɗaya a hannunsa. Ya ce na bakin rijiya ne, wanda aka harbe yana ɗebo muku ruwa, amma sunan ya ɓace masa. Tun ranar ko tuwo ba ya ci sosai.

Baffa, cikinku kai kaɗai ka rage masa. Don Allah in ka tuna sunan, ka aiko da wuri.

A gaida Inna, a sa mu a addu'a.

Ɗanka,
Sa'idu