Ni Ce Ke Amsa wa Inna

Litinin, 8 ga Satumba

A yi mini afuwa. Ban ma san wa nake roƙo ba, tunda ba mai karantawa. Ni ba marubuciya ba ce, kuma ba abin da ya taɓa samuna da ya isa a ɓata masa takarda. Kawai dai tun da ƙawata ta bar makarantarmu magana ke taruwa mini a baki, ba inda zan sauke ta.

Yaya ta buɗe sana'a. Ta gaji da yawon neman aiki, ta sayi kwamfuta ta hannu, ta jawo teburin guga zuwa bakin taga. Aikinta ta zama mataimakiyar mutanen da ba ta taɓa gani ba: ta amsa musu saƙonni, ta tsara musu lokutan ganawa, ta tuna musu abin da suka manta. Mama ta ce, "Wato sakatariya ce ke, ba ofis, ba oga, ba takalmi." Yaya ta ce akwai oga, har ma sun yi mata yawa.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ogannin su ne mai ɗaukar hoto, da mai shagon takalma, da Lauya. Lauya ce babba, ita Yaya ke tsoro.

Yaya ta ce in riƙa kama mata in na dawo daga makaranta, don rubutuna ba kuskure. Ƙa'idar ita ce, wanda kike amsa wa saƙo, da bakinsa za ki yi magana. Mai hoto yana son raha. Mai takalma ba ya rufe saƙo sai da addu'a. Lauya kuwa layi ɗaya, ta wuce.

Na gwada ɗaya. Yaya ta leƙo ta kafaɗata ta yi dariya. "Auta, ajiye ladabin nan naki a bakin ƙofa. Lauya ba ta cewa don Allah sau uku a jimla ɗaya."

Asabar, 13 ga Satumba

Yaya da abin sauraro a kunne tun safe, Mama a wurin aiki. Na sake wanke kwanukan da ba su da datti.

Talata, 16 ga Satumba

An haɗa lambar aikin Lauya da kwamfutar Yaya, duk saƙon da ya shigo muna gani. A ciki akwai na mahaifiyar Lauya. Inna take ce mata. Tsohuwar malamar makaranta ce, ita kaɗai a gida a wani gari. Kullum sai ta turo saƙon murya. Umarnin Lauya: a saurara, in ba gaggawa a rubuta, "Lafiya lau Inna, aiki ne ya yi yawa, zan kira."

Yaya ta bar mini wannan, wai ba ta da lokacin labarin tsofaffi.

Na saurari na yau. Gwiwarta na ciwo. Tumatirin da ta shuka a bokiti a baranda ya kwanta. Rediyon maƙwabcinta ya hana ta barcin rana. A ƙarshe ta ce, "Ke dai kin fi shugaban ƙasa aiki. To, a gaishe da aikin."

Na tura layin nan guda. Sai na ji kamar na rufe wa mutum ƙofa yana tsaye.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na ƙara kalma uku. "Ya gwiwar taki?"

Wallahi hannuna ne ya rubuta kafin in yi tunani. Saƙonta ya dawo nan da nan, tana dariya har da tari. "Yau kuma rana ta ina ta fito?" Ta ba ni labarin gwiwar tun daga ranar da ta zame a matakala.

Ban gaya wa Yaya ba.

Laraba, 24 ga Satumba

A darasin noma an koya mana kafa wa shuka sanda a ɗaure ta da tsumma mai laushi. Duk tsawon darasin Inna nake tunani. Da na dawo ko kayan makaranta ban cire ba na rubuta mata.

Lokacin hutun tara har yanzu ƙarƙashin matakala nake zama in ci abincina. Amma yanzu ina da abin yi a can, ina tsara abin da zan ce mata.

Lahadi, 28 ga Satumba

Ƙarya ce? Duk abin da na tambaye ta, da gaske nake son sani. Amma in ta ce "'yata," ba ni take nufi ba. Na sani. Ina sake kunna wurin duk da haka.

Abin da ya fi damuna, hirar na nan a wayar Lauya. Ko yaushe ta so za ta gani. Ba ta buɗe ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Inna ta gyara mini rubutu! Na manta alamar tambaya. "Ni na koya miki da hannuna, yanzu kin zama lauya kin zubar." Na yi ta murmushi ni kaɗai har Yaya ta ce ko aljanu ne.

Za ta ga likitan ƙashi tsakiyar wata. Ta ce tana jin tsoro kaɗan, kar in gaya wa kowa. Na saka ranar a jadawalin Lauya da jan rubutu. Wannan kam aikina ne.

Litinin, 6 ga Oktoba

Magana ta fashe.

Lauya ta ga jan rubutun, ta kira Inna da kanta. Inna ta hau yi mata godiyar dabarar sanda, wai tumatir ya miƙe har ya yi fure. Lauya ba ta san wane tumatir ba. Sai ta buɗe hirar ta karanta daga sama har ƙasa.

Ina shigowa na tarar da Yaya tsaye da waya a kunne, tana ta "Haka ne, ranki ya daɗe. Ƙanwata ce. A'a, yarinya ce." Da ta ajiye ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce, "Amana aka ba mu, Auta. Bakin mutum aka ba mu aro, kika je kika yi abota da shi." Idonta ya kawo ruwa. Na tuna yadda ta yi rawa a falo ranar da Lauya ta ɗauke ta.

Na sunkuyar da kai na wuce ɗaki. Kamar kullum.

Talata, 7 ga Oktoba

Lauya ba ta kore mu ba. Ta ce daga yau ita za ta riƙa amsa wa mahaifiyarta. An cire hirar daga kwamfutar.

Haka ya kamata. 'Yarta ce. Na faɗa wa kaina haka a hanyar makaranta, da hanyar dawowa.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na amsa wa mai takalma saƙonni. Lamba arba'in ta ƙare, sai wani mako, Allah ya bar zumunci.

Asabar, 11 ga Oktoba

Muna ninke wanki Yaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, Lauya ta faɗa wa Inna gaskiya.

Zanin da ke hannuna ya faɗi. Na ce me Inna ta ce?

"Wai tambaya ɗaya ta yi. Ta ce, yarinyar tana aji nawa?"

Shi ke nan? Yaya ta ce shi ke nan abin da aka gaya mata. Fushi ne ko ba fushi ba, ban sani ba. Na yi ta juya tambayar har muka gama ninkin.

Laraba, 15 ga Oktoba

Yau ce ranar likita. A aji malamin lissafi ya yi tambaya, sai ga hannuna a sama. Ban san me ya kai shi can ba. Duk aka juyo ana kallona. Ba komai ba ne, amsar mai sauƙi ce.

Da na dawo na tsaya a bayan kujerar Yaya har ta gaji ta cire abin kunnenta. Na ce ina son in rubuta wa Lauya. Ba da bakin kowa ba. Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta turo mini kwamfutar. "Ki rubuta, amma sai na gani kafin ki tura." Daga nan ta ɗauki bokiti ta fita, ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo ta karanta, ba ta canza komai ba.

Na tura. Na kwafe shi a nan don kar gobe in ce ba ni ba ce:

"Anti, barka da yamma. Ni ce ƙanwar mataimakiyarki. Na yi kuskure, ki yafe mini, laifin ba na Yaya ba ne. Ina so in ji yadda Inna ta dawo daga asibiti. Ta tambayi ajina, ina son in ba ta amsa da kaina. In kin yarda, ita ma in ta yarda, don Allah ki ba ni izini in sake rubuta mata."