Allin da Na Shafe da Fenti

Dutse Uku, Jos
14 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Suwaiba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya sanyin ƙasar mutane? Mu nan mun gode Allah. Mamanki ta ce in kira ki a waya, na kasa. Gara takarda, ba za ki ji muryata ba.

Kin tuna hutun Sallah, da kika shiga wurina na turara shinkafa kika yi zane da alli wuri uku a jikin bututun tururi? Kika ce aikinku ke nan a tashar nukiliya, auna kaurin bututu, don tsatsa ta ciki take ci, musamman a gwiwa inda tururi ke juyawa. Ni kuwa na ɗauki sifana na ƙwanƙwasa, na ce shekara talatin kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba. A gaban ma'aikata na ce ki mayar da bokonki can, da takardar sakandare na gina wurin nan. Suka yi dariya. Kina tafiya na sa aka shafe zanen da fenti.

Ranar Talata gwiwar da ke bayan tukunya ta fashe. Rwang, da ya shekara goma sha tara yana hura mini wuta, shi ne a wurin. Ya ƙone a hannu da kafaɗa. Likita ya ce zai tashi, amma yatsu biyu babu tabbas. Na je asibiti, matarsa Firisila ta miƙe ta ba ni kujera, har tana yi mini jajen asara. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na tsinci ɓallen ƙarfen. Wajensa sai ƙyalli, kaurinsa kuwa bai fi ɓawon albasa ba. Da na kankare fentin da farce, ga farin allinki.

Saura biyu ke nan. Na kashe wuta na rufe wurin. Kwana uku ina bin bututun da wuƙa, ban same su ba. Ran nan ban kalli inda kika zana ba, masu dariya nake kallo.

Suwaiba, wutar nan ba za ta sake tashi ba sai kin amsa. Ko ba ki huce ba, ki faɗa mini saboda mutanen da ke tsayawa a wurin: ina sauran biyun?

Mamanki tana gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Haladu