Ta'aziyyar Dakta Ƙasimu Hambali Basirka, Malamin Ajin Bayan Shago

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Ajin Haɗin Gwiwa ta Birnin Kudu da Gwaram ta samu labarin rasuwar malaminta kuma ubanta, Dakta Ƙasimu Hambali Basirka, Babban Malami a Sashen Nazarin Noma da Raya Karkara na jami'armu, wanda Allah ya yi wa cikawa ranar Talata a asibitin Birnin Kudu, bayan babur ɗinsa ya zame da shi a hanyar Gwaram sakamakon ruwan da aka kwana ana yi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi jana'izarsa a mahaifarsa Basirka kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Aji zai je lokacin da hatsarin ya faru. Akwai batirin mota ɗaure a bayan babur ɗin, wanda da shi yake cajin wayoyin ɗalibai.

Marigayin shi ne ya haɗa ɗaliban cibiyar karatunmu ta Birnin Kudu da takwarorinsu na wata jami'a a ƙasar Indonesiya, ɗaliban Farfesa Ratna, suka zama aji ɗaya ta intanet. Kowace Talata, da hantsi a nan, da la'asar a can, sukan nuna mana yadda suke dashen shinkafa a jikin tsauni, mu kuma mu nuna musu yadda matan Kwandiko suke shanya riɗi da sheƙe shi. A wannan ajin ne yaran da ba su taɓa wuce Kano ba suka yi musu da ɗaliban wata nahiya a kan takin gargajiya, suka kuma yi nasara. A nan ne da yawa daga cikinmu mata muka fara ɗaga hannu a gaban maza ba tare da mun fara duba fuskar kowa ba. 'Yan acaɓar tashar Gwaram sun san shi sarai, in sun hango shi da batirinsa sai su ɗaga murya, "Dakta, yau ma Indonesiya za a je? A gaida su!" Yakan amsa cewa su ma suna gaishe su, amma sun ce a rage gudu.

Domin tarihi, ya kamata jama'a su san inda ake yin wannan aji. Tun shekarar farko abokan hulɗarmu suka aiko wa jami'a kyautar kwamfutoci da farantan sola da kyamara, da sunan cibiyar Birnin Kudu a jikin kwalayen. Kayan sun iso lafiya. Suna nan a ma'ajiyar Ofishin Hulɗa da Ƙasashen Waje a babbar harabar jami'a, ba a ɓare ko ɗaya ba, ba a kuma sace ko ɗaya ba, muna shaida wa hukuma da wannan. Abin da ya hana a buɗe su shi ne ba a yi bikin ƙaddamarwa ba, kuma kaya irin waɗannan ba sa fara aiki sai babban baƙo ya yanke ƙyalle. Babban baƙo na farko ya yi tafiya Umara. Na biyu aka sauya masa ma'aikata. Aka kafa kwamiti ya zaɓo na uku, kwamitin yana nan yana zama.

Saboda haka Dakta ya roƙi Alhaji Maikano mai sayen riɗi ya ara masa ɗakin ajiya da ke bayan shagonsa, inda sabis yake da ƙarfi. Ya ɗauko labulen uwargidansa shuɗi ya rataya, domin kada baƙi su hangi buhuna. A gaban wannan labule muka yi karatu, mutum biyar ko shida a kan waya ɗaya, kai da kai. Duk lokacin da Farfesa Ratna ta tambayi kwamfutocin, yakan ce sun iso, an gode, Allah ya saka da alheri. A kan kayan nan bai taɓa yi mata ƙarya ba, bai kuma taɓa gaya mata gaskiya ba. Mun sha yi masa magana. Amsarsa ga mai sa hannu a wannan takarda ɗaya ce: "Malama Nasiha, mutane sun yi mana kyauta daga uwa duniya, sai in buɗe baki in ce na gidanmu sun kulle ta? Ba daga bakina ba." Rufin asirin na gida a gaban baƙo tarbiyya ce da aka yi mana duka, amma ba mu taɓa ganin wanda ya biya ta da tsada kamarsa ba.

Ga abin da hakan ya haifar. Na'urar jami'ar can waya take ƙirgawa, ba ta ƙirga kawuna. Wanda aka shiga aji da wayarsa shi ne ya halarta, sauran biyar ɗin da ke leƙe ta kafaɗarsa ba su zo ba. Kowace shekara Dakta yakan rubuta wa Farfesa Ratna roƙo, ya ɗora laifin a kan damina ko a kan rashin sabis, ita kuma ta sa hannu a ba su shaidar kammalawa saboda ta yarda da shi. Bana babu mai rubuta wannan roƙo. Mafi yawan ɗaliban bana, cikinsu har da Lailatu Abdulsamad da take barin jaririnta wajen kakarsa a Kwandiko kowace Talata, a rubuce suke a can a matsayin waɗanda suka guje wa aji, kuma ƙarshen wannan wata za a rufe sakamako.

Ƙungiya ta karanta saƙon ta'aziyyar hukumar jami'a, wanda ya iso bayan na Indonesiya, inda ɗaliban can suka riga suka yi wa marigayin sallar ga'ib a masallacin makarantarsu. Mun lura da cewa hukuma ta kira shi gwarzo. Mun kuma lura da shawarar da ta yanke ta sanya sunansa a ɗakin kwamfutocin idan an buɗe shi, a ranar da za a sanar nan gaba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarsa Inna Batulu, da uwargidansa Hajiya Rahamatu, da 'ya'yansa Zulfa da Saifullahi, da yayansa Alhaji Sabo Hambali, da ɗaukacin al'ummar Basirka da Gwaram da Birnin Kudu. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya rufa masa asiri ranar gobe kamar yadda ya rufa na waɗansu a duniya, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya raya abin da ya bari, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

A ƙarshe, muna neman afuwar iyalansa a kan abin da muka yi, domin mun san da yana raye ba zai yarda ba. Jiya ƙungiya ta aika wa Farfesa Ratna cikakken bayani da sunan kowane ɗalibin bana, ta gaya mata inda kyautarsu take da kuma yadda aka yi karatun. Ba mu san ko za su ci gaba da hulɗa da mu bayan wannan ba. Mun auna mutuncin jami'a da shaidar yaran nan, muka zaɓi yaran. An gayyaci mai sa hannu a wannan takarda cikin sabon kwamitin shirya bikin sanya sunan marigayin. Ta halarci zaman farko, ta saurari muhawara a kan launin ƙyallen da za a yanke, ta gaya wa shugaban zama cewa baƙinmu na Indonesiya sun riga sun ji gaskiyar lamarin, sannan ta fito ta ja musu ƙofa.

Malama Nasiha Iliyasu Kwandiko
Sakatariyar Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Ajin Haɗin Gwiwa, Birnin Kudu da Gwaram