Maɗigar Sakina Ta Rufe

Laraba da dare, Maamobi

Yau ina yi wa Sakina wanka, na kai yatsa tsakiyar kanta kamar kullum don in ji wurin nan mai taushi da yake bugawa. Ban same shi ba. Ƙashi kawai na ji, har na sake lalubawa da kumfa a hannuna.

Tun da na haife ta maɗigar nan take hana ni sukuni. Nas ɗin wurin awo ta sha gaya mini cewa ƙasusuwan kan jariri a buɗe suke zuwa don ƙwaƙwalwa ta sami wurin girma, su haɗe da kansu wajen shekara ɗaya da rabi. Mahaifiyata kuwa ba ta yarda ba. Kowace safiya sai ta tako daga unguwar Nima ta gasa wurin da tawul da ruwan zafi, ta shafa man kaɗe, wai kada iska ta shiga. Mun sha faɗa a kan zafin ruwan, har nakan sirka shi in ta juya baya.

Da ta zo na ce, "Mma, taɓa ki ji."

Ta ce, "Alhamdu lillahi! Kin ga aikin tawul ɗina ko?"

Ban yi musu ba, hawaye sun riga sun zubo mini. Abin da nake roƙo ya samu, amma a kan maɗigar nan na saba ɗora leɓena in ji tana raye.

Mma ta dube ni, ta zame ɗankwalina, ta dafa tsakiyar kaina. Ta ce, "Ni ma har yau nakan nemi taki."