Rabin Banderol

Yamai, Talata

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da mutanen Tawa. Yaya ƙafar?

Yau kwana goma sha tara da aka ɗauke maigidana Abdoulkarim a tashar taksi, don ya kira yajin aiki. Duk ofishin da na je, sai a ce ba a san shi ba.

Sandikarsu, ƙungiyar direbobi, za ta fita zanga-zanga ranar Asabar kan barazanar kawo mana sojojin waje, kuma ni aka ba ɗinkin banderol, ƙyallen rubutun da za su ɗaga. Na karɓa da hannu biyu. Kai ka koya mini tun kana sandikar malamai cewa bam ba ya faɗa wa janar, talaka yake faɗa wa. Amma Mahamadou, mataimakin Abdoulkarim, ya ce kada a ambaci wanda ke tsare, wai yanzu lokacin kishin ƙasa ne. Kishin ƙasar da ke ɓatar da direbanta! Na rubuta a sama, "Ba mu son sojan waje." A ƙasa na sa, "Ina Abdoulkarim?" Kada ka damu, na san abin da nake yi.

Ƴarka,
Zalika

Yamai, Litinin

Baba,

Bayan gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya.

Na yi wautar tela. Yadin bai isa ba, sai na haɗa ƙyalle biyu da ɗinki ɗaya, na ma bar shi sako-sako don kada ya tattare. Muna fitowa daga unguwar Kalley, Mahamadou ya sa reza ya farke ɗinkin, suka ɗaga na sama. Na ƙasan ya miƙo mini yana kallon gefe.

Kuka ya zo mini, ban ba shi wuri ba. Na yafa ƙyallen a bayana, na shiga gaba, ina zagin sojan waje da ƙarfi fiye da kowa. Wasu suka ce ni ƴar koren Turawa ce.

Can wata dattijuwa, Balkissa, mai wanki a wani bariki, ta sa aka karanta mata bayana. Ta ja ni gefe ta gaya mini ƙofar barikin da zan tsaya.

Jiya na kai tuwo da miyar kuka. Sojan da ke ƙofar ya ce babu mai wannan suna, amma ya karɓa. Da la'asar aka fito da kwanon a wanke, da saƙo wai gishiri ya yi yawa.

Baba, shi ne, ƙorafinsa ke nan kullum a kan miyata. Yana da rai.

A gaida Inna.
Zalika